MALAMIN DA KE KOYAR DA KARE KAI, YA KUMA SHA TABA: WANE DARASI YARO KE ƊAUKA?

Jawabi ga masu horar da samari dambe, kokawa, kareti, judo da takwando a Kona, Jalingo, Jihar Taraba



Maganar da ta tara mu a yau tambaya ce guda ɗaya, wadda iyaye da yawa ke yi a zuci amma suna jin nauyin furta ta a gaban malaman 'ya'yansu. Tambayar ita ce: shin mutumin da aka danƙa wa yara domin ya koya musu dambe ko kokawa, ko ɗaya daga cikin wasannin kare kai da suka zo mana daga ƙasashen Asiya, idan yana shan taba sigari, yana ɓata tarbiyyar yaran nan ko kuwa wannan sha'aninsa ne shi kaɗai? Zan ba da amsa tun da fari domin kada in ja ku da nisa: i, yana ɓatawa. Sauran jawabina bayani ne a kan dalili, da kuma abin da ya kamata a yi, domin manufarmu gyara ce, ba tozarta kowa ba. Ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

MATSAYIN MALAMIN WASA A IDON YARO

Mutanen wannan yanki ba baƙin jarumtaka ba ne. Garin Kona ya girmi Jalingo, kuma tarihi ya nuna cewa a ƙarshen shekarar 1892, sa'ad da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya yaƙi Kona, garin bai ciwu ba sai da wani hafsan Faransa mai suna Mizon ya kawo igwa. Wannan zamani ya wuce. A yau jikokin waɗanda suka yi wancan yaƙi, ta kowane ɓangare, fili ɗaya suke motsa jiki, malami ɗaya suke durƙusa wa, tuta ɗaya suke fatan ɗagawa. Jarumtakar da a da ake nunawa a bakin daga, yanzu a fagen wasa ake nuna ta, kuma ku masu horarwa ku ne kuka gaji aikin raya ta.

To, sai mu duba irin matsayin da kuke da shi. Malamin lissafi da allo da alli yake koyarwa, yaro yana iya koyon lissafinsa ba tare da ya kula da tafiyarsa ko tsayuwarsa ba. Malamin wasan kare kai kuwa jikinsa ne allonsa. Yakan tsaya a gaba ya ce wa yara, “Ku dube ni, ku yi yadda na yi.” Yadda ya ajiye ƙafa haka za su ajiye, yadda ya dunƙule hannu haka za su dunƙule, yadda ya ja numfashi haka za su ja. Shekara da shekaru yana horar da idonsu a kan kwaikwayonsa, har ya zama musu jiki. Saboda haka ranar da ya zaro karan sigari daga aljihu ya ƙyasta ashana, idon nan da ya horar ba zai rufe ba. Yaro ba shi da wata ma'aunar da zai ce wannan motsi na darasi ne, wancan kuma na hutu ne. A wurinsa duk malam ne.

Su kansu waɗanda suka tsara waɗannan wasanni sun san da haka. Mutumin da ya kafa judo a birnin Tokyo a shekarar 1882, Jigoro Kano, malamin makaranta ne, har ya daɗe yana shugabancin babbar kwalejin horon malamai ta ƙasarsu. Sunansa ya yi kama da na birnin Dabo, amma dacewa ce kawai. Kalmar “do” da kuke ji a ƙarshen judo da takwando, ma'anarta “hanya”, watau hanyar rayuwa da gyaran hali, ba doke-doke kaɗai ba. Haka kuma kalmar “sensei” da yaranku na kareti da judo ke kiranku da ita, asalin ma'anarta “wanda ya riga zuwa duniya”, watau na gaba. Mu ma nan gida muna da irin wannan magana: inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha.

A fagen dambe da kokawa ma haka abin yake. Yaron da ke riƙe wa ubangidansa zare, yana ɗaukar masa ruwa, yana bin sa gari-gari lokacin kaka, ba naushi kaɗai yake koyo ba. Har tafiyar ubangidan da kirarinsa da ɗaurin ɗamararsa yake ɗauka. Har yau ana ambaton Shago da Ɗandunawa, waɗanda makaɗi Ɗan'anace ya ɗaukaka sunansu, kuma samarin da ba su taɓa ganinsu ba suna alfahari da a danganta su da su. Wanda yake da irin wannan kwarjini a zukatan yara, ƙaramin abin da ya yi babba ne.

ABIN DA HAYAƘI KE YI WA JIKIN ƊAN WASA

Yanzu bari mu koma ga abin da likitoci suka tabbatar. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma kusan 70 daga cikinsu an san suna haddasa ciwon daji. Uku daga ciki sun fi shafar ɗan wasa kai tsaye.

Na farko shi ne nikotin, sinadarin da ke kama mutum ya hana shi bari. Yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi kaɗan, yana sa zuciya ta ƙara saurin bugawa, yana kuma tsuke hanyoyin jini. Watau tun kafin mashayi ya shiga fage, zuciyarsa ta riga ta fara aikin da ba a sa ta ba.

Na biyu wata iska ce mai guba da ake kira kabon monoksaid, irin wadda ke fita daga salansar mota da janareta, wadda kuma kuka sha jin ta hallaka iyali a ɗakin da aka rufe. Aikin jini shi ne ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa ga tsokoki. Ita wannan guba tana manne wa jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Kamar motar haya ce da 'yan daba suka cika kujerunta, fasinjojin kirki suka rasa wurin zama. Tsoka tana neman iska, jini ya iso mata da guba. Wannan shi ya sa mashayi kan yi haki da wuri, ƙafafunsa su yi nauyi.

Na uku shi ne baƙin danƙon nan mai kama da kwalta, wanda ke kwanciya a cikin huhu, yana kashe ƙananan gasun da Allah ya halitta domin share ƙura da majina daga hanyar numfashi. Daga nan sai tari na asuba, sai yawan mura da ciwon ƙirji. An kuma tabbatar cewa rauni da karayar ƙashi sun fi jinkirin warkewa a jikin mai shan taba, alhali kuwa babu ɗan damben da zai ce targaɗe ko tsagewar ƙashi ba za su same shi ba.

Ku da kanku kun san abin da fage ke nema. Takwando turmi uku ne, kowanne minti biyu. Karawar judo minti huɗu ce. Damben gargajiya turmi uku ne. A bakin mai kallo lokaci ne kaɗan, amma wanda ya shiga ya san cewa a turmin ƙarshe ba ƙarfin dantse ke raba gardama ba, numfashi ne. Chika Chukwumerije da ya ciyo wa Nijeriya lambar tagulla a takwando a wasannin Olamfik na birnin Bejin a 2008, da Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Jamhuriyar Nijar da ya ciyo azurfa a Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017, sun nuna cewa yaran wannan sashe na Afirka suna iya kaiwa ƙololuwa. Yaron Kona ko na Mayo Gwoi ko na Sabon Gari da ke mafarkin bin sawunsu, jarinsa na farko huhunsa ne.

Ɓarnar kuwa ba ta tsaya a fage ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara, kuma fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa sa ta a baki ba, hayaƙin wasu suka shaƙa. A Ingila, wani likita mai suna Richard Doll da abokan aikinsa sun bi diddigin likitoci maza kimanin 34,000 har tsawon shekara 50, daga 1951 zuwa 2001, suka gano cewa masu shan sigari, a bisa matsakaicin lissafi, suna riga marasa sha mutuwa da kimanin shekara 10. A nan gida, binciken da aka gudanar a 2012 ya nuna manya kimanin miliyan 4.5 ne ke amfani da taba a Nijeriya, watau namiji ɗaya cikin kowane goma. Bincike a ƙasashe da dama ya kuma nuna cewa akasarin mashaya sun fara ne tun ba su cika shekara 18 ba. To, jama'a, su wane ne ke cika filayen horonku da yamma? Ba 'yan shekara 10 zuwa 18 ba ne? Watau an kawo muku su ne daidai lokacin da ake ɗaukar wannan hali ko a tsallake shi har abada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk inda aka tanƙwara shi nan zai bushe.

HANZARIN DA AKE KAWOWA

Akwai hanzari iri uku da akan ji daga bakin malamai masu sha, kuma ya kamata a saurare su da adalci.

Na ɗaya yakan ce, “Ni ba na sha a gaban yara, sai na keɓe.” Wannan ya fi wanda ke busa musu hayaƙi a fuska, kuma mun yaba da kunyarsa. Amma wasan kare kai wasa ne na haɗa jiki. Malam yakan riƙe yaro ya gyara masa kafaɗa, yakan rungume shi ya nuna masa dabarar kaye. Warin taba yana cikin numfashi da tufafi da yatsu, goro da alewa ba su ɓoye shi. Garuruwanmu kuma kowa ya san kowa. Mai teburin da ke sayar wa malam, maƙwabcin ɗalibinsa ne. Ranar da yaro ya gane, darasi biyu zai ɗauka a maimakon ɗaya: cewa taba ba komai ba ce tun da gwani yana sha, da cewa babba yana iya faɗin abu a fili ya aikata kishiyarsa a ɓoye. Na biyun ya fi na farko illa.

Na biyu yakan ce, “Shekara ashirin ina sha, kuma har gobe babu yaron da zai kai bayana ƙasa.” Mai yiwuwa gaskiya ne. Sai dai ƙwarewa da sanin dabara su ne ke rufa masa asiri, ba huhu ba. Bai kamata ya gwada kansa da yaran da yake koyarwa ba. Ya gwada kansa da mutumin da zai zama da bai taɓa sha ba. Bugu da ƙari, irin wannan malami shi ne mafi haɗari ga yara, domin ƙarfinsa ya zama talla. Kamfanonin taba sun daɗe da sanin darajar haɗa hajarsu da ƙarfi da samartaka, shi ya sa suka yi shekaru suna zuba kuɗi a tseren motoci da sauran wasanni kafin dokokin ƙasashe su hana su. Abin da doka ta hana kamfani ya saya da miliyoyi, bai dace malami ya ba shi kyauta ba.

Na uku yakan ce, “Kuɗina ne, jikina ne.” Ba mu musa ba, doka ba ta haramta wa baligi shan sigari a inda aka yarda ba. Amma wanda ya karɓi amanar 'ya'yan mutane ya ɗauki wani nauyi da sauran jama'a ba su ɗauka ba. Direban da ke jan motarsa shi kaɗai daban yake da wanda ya ɗauko 'yan makaranta.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Gwamnatin Tarayya ta daɗe da ɗaukar mataki a kan wannan al'amari. A 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, an kafa Doka ta 20 wadda ta hana shan taba a wasu wuraren taruwar jama'a. A 2005 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita amfani da taba. A watan Mayu na 2015 aka sa hannu a kan Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa, a 2019 kuma aka fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita. Ga abubuwan da suka shafe ku a ciki:

An hana shan taba a harabar makarantu, da asibitoci, da wuraren wasan yara, da filayen wasanni, da motocin haya. Mafi yawanku a harabar makarantar firamare ko ta sakandare kuke horo, wasu kuma a filin wasa na Jolly Nyame. Wanda ya kunna sigari a irin waɗannan wurare ya karya doka, kuma hukuncinsa tara ce ko ɗauri, ko duka biyu.

An hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, an kuma hana sayar da sigari kara-kara, sai dai a cikin kwalinsa. Saboda haka al'adar nan ta miƙa wa ɗalibi kuɗi a ce, “Yi maza ka karɓo mini kara biyu wajen mai tebur,” ta jefa mai teburin cikin laifi biyu, ta kuma koya wa yaro hanyar da ƙafarsa za ta sake bi wata rana da kuɗin kansa.

An hana tallar taba da ɗaukar nauyin wasanni da sunanta. Tun daga 2021 kuma aka wajabta buga hotunan gargaɗi a jikin kwalaye, domin wanda bai iya karatu ba ma ya gani da idonsa.

Kada a manta da shisha, wadda samarin birane suka ɗauka abin ado. Taba ce, ruwan da hayaƙin ke ratsawa ba ya tace gubar, ƙamshin 'ya'yan itatuwa da aka sa mata kuwa tarko ne.

ƘOFAR GYARA A BUƊE TAKE

To, ko sai a kori duk malamin da ke sha? Ba haka muke cewa ba. Da yawa daga cikinku kyauta kuke wannan aiki, kun raba yara da zaman banza da shaye-shaye da bangar siyasa, kuma ƙasa tana sane da ƙoƙarinku. Mafi yawan masu sha sun fara ne suna yara, su ma wani babba suka gani. Abin da ake nema shi ne sarƙar ta tsinke a kanku.

Ku ji labarin Johan Cruyff, ɗan ƙasar Holan, ɗaya daga cikin gwanayen ƙwallon ƙafa na duniya. Ya sha sigari ƙwarai yana ɗan wasa, ya ci gaba da sha yana mai horar da ƙungiyar Barcelona ta ƙasar Sifen. A 1991, yana da shekara 43, sai da aka yi masa aikin tiyata a zuciya. Daga nan ya bari, ya kuma fito a talabijin yana gargaɗin matasa, inda aka nuna shi yana wasa da kwalin sigari kamar ƙwallo, sa'an nan ya yi fatali da shi. A 1992 ya ci wa ƙungiyarsa kofin zakarun Turai. Ya ƙara shekara 25 a duniya bayan tiyatar, amma a 2016 ciwon dajin huhu ya yi ajalinsa. Labarin yana da fuska biyu: bari yana da amfani, jinkirin bari kuma yana da tsada. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Likitoci sun bayyana cewa jiki yakan fara gyara kansa nan da nan. Cikin awa 12 da barin sha, gubar kabon monoksaid takan sauka a jini. Daga mako 2 zuwa 12 gudanar jini da aikin huhu sukan inganta. Bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya yakan ragu da kusan rabi. Binciken nan na Ingila ya nuna cewa wanda ya bari yana ɗan shekara 40 yakan ceto kimanin shekara 9 daga cikin 10 da zai yi hasara, wanda ya bari yana da 50 kuma ya ceto kimanin 6. Kwanakin farko suna da wuya: akwai ƙunci, da saurin fushi, da rashin barci. Amma ƙaiƙayin son sha yakan taso ne ya lafa cikin 'yan mintoci, kamar turmin dambe. Mutumin da ya saba tashi da asuba ya yi gudu, ya jure yunwa domin rage nauyi, ya sha naushi ya miƙe, ya fi kowa kayan yaƙin wannan fage. Malamin da ya tsaya gaban yaransa ya ce, “Na sha taba, ta cuce ni, ga shi na bari,” ya koyar da darasin da ya fi kowace dabarar kaye.

ABIN DA AKE BUKATA DAGA KOWA

1. Masu horarwa: kada a sha taba a filin horo, ko a hanyar zuwa gasa, ko cikin rigar wasa. Kada a aiki yaro sayen sigari ko ashana ko ɗauko wuta.

2. Malamin da ke sha ya sa wa kansa ranar bari, ya sanar da iyalinsa da abokan aikinsa, ya nemi shawarar ma'aikatan lafiya a asibitin da ke kusa da shi ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo. Ranar 31 ga Mayu, wadda duniya ta keɓe domin ƙauracewa taba, rana ce mai kyau ta farawa. Idan ya zame, ya tashi ya sake ɗaura ɗamara.

3. Ƙungiyoyin wasanni da sarakunan dambe da na kokawa su sa wannan sharaɗi cikin ƙa'idojinsu, ya hau kan babba da yaro daidai wa daida.

4. Shugabannin makarantu da ke ba da aron filayensu su kafa alamar hana shan taba, su kuma tabbatar ana kiyayewa.

5. Iyaye su riƙa leƙa wurin horo, su san wanda suka ba amanar 'ya'yansu. Idan sun ga abin gyara, su same shi a keɓe cikin mutunci. Uban da ke sha a gida kuma ya sani duk abin da aka faɗa a kan malami ya hau kansa.

6. Ku ɗalibai: ku girmama malamanku, ku ɗauki ilminsu da ladabinsu. Idan kun ga sigari a hannun wani gwani, ku sani ba ita ta ba shi gwaninta ba, rage masa take yi.

Jama'a, lafiya uwar jiki ce, kuma riga-kafi ya fi magani. Ƙasar nan tana bukatar samari masu ƙarfi da za su yi noma, su yi karatu, su tsare iyakokinta, su kuma ɗaga tutarta a fagagen duniya. Kun koya wa yaran nan yadda za su kare kansu daga naushi da shuri; ku haɗa musu da kare kai daga abin da ke shiga ta baki ya zauna a ƙirji.

 Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya, ya kuma taimaki Tarayyar Nijeriya.